Duwatsun Gonar Gangare

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Inna. Yaya ƙafarta? Ki ce mata maganin da na aiko na shafawa ne, ba na ajiyewa a ƙarƙashin katifa ba. Ni ma lafiyata ƙalau in ban da idon nan, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Kin san tun bara nake ce miki ina gani dishi-dishi in na tashi daga walda. To, abin ya wuce wasa. Ran nan na liƙe wa mutane ƙyaure a karkace, maigidanmu ya dubi ƙyauren, ya dube ni, ya juya ya yi tafiyarsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na je wurin likitar ido, wata mata mai faɗa kamar ke. Ta haska, ta ɗiga magani, ta ce in ina son in ga fuskar jikokina to in rabu da tartsatsin nan. Na ce mata ai ko 'ya'yan ban samu ba tukuna. Ta ce to in ci gaba da waldar, in sun zo sai in riƙa gane su da murya.

Na juya maganar nan har na gaji, ga abin da na yanke. In an yi girbi zan tattara in dawo gida gaba ɗaya. Gonar Baba ta gangare tana nan, kuma tun da mijinki ya rasu kika dawo, ke kaɗai kike fama da ita. Ta ciyar da mu muna yara, ba na jin za ta gaza yanzu. Ba ni da wata sana'a bayan walda, Yaya, kuma ba ni da inda zan nufa in ba nan ba.

Abu ɗaya nake roƙo, ɗaki. Ba zan dawo da gemuna in raɓe a ɗakin wani ba. Ki sa magini ya fitar min da ɗaki ɗaya a bayan na Inna, taga tana kallon gona. Abin da ya samu na ba direban da ke kai mana takardu, tare da ƙyaure da taga da na haɗa da hannuna. Ki duba su da kyau, waɗannan ba a karkace suke ba.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Amin, wa alaika salam. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi. Na karanta mata takardarka sai da na maimaita, don karon farko kuka ya hana ta ji. Ni ban yi kuka ba, faɗa na yi, na ce sai da ido ya kusa tafiya sannan ka tuna kana da gida. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na gaji da zama ni ce mace ni ce namiji a gidan nan.

Magini ya zo ya ja igiya. Ya ce bayan ɗakin Inna akwai danshi, sai an zuba dutse sosai a fandisho, kuma a ɗaga ginin da dutse har ƙugu kafin a ɗora bulo. Dutse kuwa ka san sai an sayo daga nesa, abin da ka aiko ba zai ɗauki wannan da rufi ba. Ina tsaye a bakin gona abin duniya ya ishe ni, sai idona ya faɗa kan duwatsun nan da Baba ya jera layi-layi a gicciye, daga wannan iyaka zuwa waccan. Ka tuna su? Gidan kunamai. Tun kafin mu yi wayo suke nan, ciyawa ta tsiro ta rufe rabinsu. Ni a sanina tsince su ya yi daga cikin gona ya tara don kada su dame shi. Ka san Baba, bai taɓa bayyana wa kowa dalilin komai ba.

Dama mai huɗa kullum sai ya yi min mita a kansu. Gonar doguwa ce daga sama zuwa ƙasa, ba ta da faɗi, duwatsun kuma sun tilasta masa huɗa a gicciye. Wai shanunsa ba sa miƙe ƙafa, kafin su yi nisa sai juyi, ga bakin garma yana ci da dutse. Da na ce masa za a kwashe, har addu'a ya yi min.

Mun sa amalanke mun kwashe su tas, mun tuge ciyawar. Inna ta ce a bar wa Baba duwatsunsa. Na tambaye ta dalili, ta ce haka ya ce. To ka dai san Inna, ko tsohon takalminsa da ya tsinke ba ta yarda a jefar ba.

Da za ka ga gonar yanzu! An yi huɗa daga can sama har ƙasa, kunyoyi sun miƙe sambal, sai ka rantse an ƙara mata girma. Ruwan farko ya sauka, mun shuka masara da wake, an yi tsiro mai kyau, na zuba taki. Ɗakinka kuma ya kai tsayin taga. Ka kula da idon nan, kada ka ce za ka ƙarasa musu duk aikin duniya kafin ka taho.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gaida Inna, ki ce mata ta adana sauran kukan sai na iso. Ido yana nan yadda yake, ina ɗiga magani.

Kai, kin burge ni! Ni da waɗannan duwatsun akwai tsohuwar gaba, har yanzu farcen babban yatsana bai dawo daidai ba. Gara da suka yi wani amfani a duniya. Tun da na karanta takardarki ban iya zama wuri ɗaya ba. Ina walda ina ganin kaina a bakin taga ina kallon masara, har abokan aiki sun fara kirana manomi.

Na faɗa wa maigidanmu. Ya ce dama yana neman hanyar da zai faɗa min ba tare da ya ɓata min rai ba. Har ya samo wanda zai maye gurbina, wani mai ido kamar na mage, ni nake nuna masa kan aiki. Shi ke nan, na rufe wannan ƙofar.

Ki gaya min tsayin masarar. Ta kai gwiwa?

Auta

*

Auta,

Muna lafiya. A tsaye nake rubuta wannan, direba yana ta danna min hon.

Kada ka bar aikinka tukuna. In ka riga ka faɗa wa maigidanku, ka koma ka ba shi haƙuri. Maganar gona ce, ba yadda muka zata take ba. Baffa mai gonar da ke ƙasa da tamu ya zo mun zagaya tare, mun yi doguwar magana, akwai abin da ya kawo wanda ban yanke ba tukuna. Na tsayar da magini.

Kada ka yi gaggawar tahowa, don Allah. Zan rubuto maka komai dalla-dalla in hankalina ya dawo jikina.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata Inna tana lafiya. Ni ba zan ce miki ina lafiya ba, don ƙarya ce.

Kin ce za ki rubuto, na jira har na gaji. Kullum in an tashi aiki sai na bi ta tasha, direban nan ko ƙurarsa ban gani ba. Wannan ma a tasha zan bar ta, duk ranar da ya ɓullo a ba shi. Takardarki ta yi laushi a aljihuna saboda karantawa, kuma duk ta inda na juya ta abu ɗaya take gaya min.

Me ya haɗa ki da Baffa har da zagaya gona? Wa bai san tun Baba yana da rai mutumin nan yake haɗiyar yawu a kan gonarmu ba? Ya kawo magana, ba ki yanke ba tukuna. Wace magana ce ake yankewa a kan gonar ubana ba tare da ni ba? Sai kuma ki tsayar da ginin ɗakina, ki ce kada in taho. In sayarwa za ki yi, ki fito fili ki faɗa min. In kuma kin ga makaho ne zai zo ya zame miki kaya, shi ma ki faɗa, zan fi ganin girmanki.

Kin ce in koma in ba maigida haƙuri. In ce masa me? Mai idon magen nan ya riga ya zauna a kan bencina, gilashin waldata ne a fuskarsa. Ni yanzu yankan rodi nake yi da ɗauko ƙarfe daga mota, kamar wanda ya zo koyon aiki jiya. Mai gidan haya ma ya san zan tashi, har ya kawo mutane sun leƙa ɗakin ina zaune a ciki.

Ban taɓa zaton zan rubuta miki irin wannan ba. Ina jiran amsa.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, ni da Inna. Ban karanta mata takardarka ba, kuma ba zan karanta ba.

Direba bai zo ba saboda ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shigowa sai kwanan nan. Wannan ke nan. Amma ni ce zan sayar da gonar Baba a bayan idonka? Ni ce zan kira ka kaya, ni da na goya ka har bayana ya yi kanta? Da kana kusa da sai na ja maka kunnen nan, da gemunka da komai. Na yi fushi, na yi kuka, yanzu na huce, sai ka buɗe kunne ka ji abin da ya faru.

Bayan takardata ta farko aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na fita duba gona. Auta, duk kunyoyin nan da nake yi maka alfahari da su sun zama magudanan ruwa. Ruwan ya taso daga sama bai sami abin da zai tare shi ba, ya bi tsakaninsu a guje, ya kwashi ƙasa ya yi gangare da ita. Na ce to, tsautsayi ne, na sa aka gyara, na sake zuba taki. Aka sake yin ruwa, ya sake kwashewa, har da takin. A tsakiyar gona yanzu akwai rami da zai haɗiye ni har cinya, kuma kowane ruwa ƙara masa baki yake yi.

Ka tuna baƙar ƙasar nan mai laushi, wadda in ka tona sai ka ga tana, in ka dunƙula ta kama hannunka? Ashe kaurinta bai wuce tafin hannu ba. A saman gona babu ita yanzu. Abin da ya rage ja ne mai tauri da tsakuwa, fartanya tana tsalle a kai. Ruwa ba ya shiga cikinta, wucewa yake yi. Ga damina ana ta ruwa, amma rana tana ɗan buɗewa sai ganyen masara ya nannaɗe kamar ana fari. Ka tambayi tsayinta. A can sama ba ta wuce gwiwar ba har yau, ta yi rawaya, saiwoyinta a waje. Ta ƙasa-ƙasa ce kawai ke da ɗan dama, ita ma ban ga alamar goyon kirki ba.

Ƙasar tamu tana gonar Baffa. Ta binne masa wake a bakin iyaka, can ciki kuma masararsa ta yi kore shar, har tana baƙi. Shi ya zo da kansa ya kira ni. Ba ya gari lokacin da muka kwashe duwatsun, yana wurin 'yarsa ana duba masa hawan jini. Ya tsaya ya dubi gonar, ya riƙe baki, ya ce, "'Yar nan, wa ya aike ki?" Sannan ya ce, "Ni dai ban saci ƙasarku ba, da ƙafarta ta zo." Ya ce tare da Baba suka jera layin farko suna samari, lokacin gonar ba ta fitar da komai sai ƙaya. Dutsen ba hana ruwa wucewa yake yi ba, rage masa gudu yake yi, sai lakar ta kwanta a bayansa, ciyawar kuma ta riƙe ta. Haka ƙasar ta taru kaɗan-kaɗan har muka taso muka same ta, muka ɗauka haka Allah ya yi wurin.

Maganar da ya kawo kuwa, wadda ka mayar ciniki, ita ce mu zo da amalanke mu kwashi abin da ya taru a bakin iyakarsa mu mayar sama. Ko tsinke bai nema ba. Amma ya ce in ba a mayar da duwatsu ba wahalar banza ce. "Ku kai sama, ruwa ya dawo min da ita, mu yi ta yi har ku tsufa, don ni na riga ku."

To duwatsun kuma ka san inda suke. Suna ƙarƙashin ɗakinka da jikin bangonsa, siminti ya kama su. Na zagaya ko'ina, babu wasu a kusa, na nesa kuma ba mu da halinsu. Damina kuma ba ta ƙare ba. Abin da na kasa rubutawa a tsaye ke nan direba yana min hon. Ɗakin naka ne, ni ba zan sa masa guduma ba sai da bakinka.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ido ba sauƙi, amma yau ba shi ne ya dame ni ba.

Ki yafe min. Kunya ta hana ni cin abinci tun da na karanta. Ki je ki gaida min Baffa, kada ki gaya masa abin da na ce a kansa, in na zo zan san yadda zan dubi idonsa. Kuma kada ki ɗora wa kanki wannan abu ke kaɗai. Kin faɗa min kin kwashe, na tafa miki. Da ni ne a gida da na riga ki ɗaukar na farko.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ɗakin nan ya shiga raina. Shekarun nan duk a ɗakin haya na yi su, taga tana kallon bangon wani, in na buga ƙusa sai an zo an yi min magana. Ban taɓa kwana a ƙarƙashin rufin da zan ce nawa ne ba. Har na san inda zan sa gado. Na zauna a bakin shago na yi ta neman wata hanya, na tambayi masu tifa, na tambayi wani magini da muke yi wa ƙofofi, kowa ya ba ni amsar da ba na so.

Aiki dai babu komawa, wannan ya wuce. In na zo na sami ɗaki mai kyau da taga tana kallon jar ƙasa, me zan ci, me Inna za ta ci? A rushe. Kada ki jira ni, kada ki jira hadari na gaba. Ki ce wa magini ya bi a hankali ya cire ƙyauren da tagar, a jingine su inda ruwa ba zai taɓa ba. Inda zan kwanta ba abin damuwa ba ne.

Ba zan jira girbi ba kuma. Ina sallamar abin da ya rage a hannuna zan taho. Ki gaya min gaskiya, ba ta lallashi ba, gonar za ta dawo?

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Na yafe maka, amma jan kunnen yana nan yana jiranka.

An rushe. Magini da farko ya ƙi, ya ce shi tun da yake bai taɓa gina abu da hannunsa ya rushe da hannunsa ba, sai dai in nemi wani. Na ɗauki gudumar da kaina. Da ya ga yadda nake dukan bangon kamar mai kashe maciji, ya karɓa ya ce in matsa kafin in fasa duwatsun ma. Inna ta sa aka fito mata da kujera, ta zauna tana kallo har aka gama. Na jira ta ce ai ta faɗa, ba ta ce ba. Da amalanken farko ya juya ya nufi gona sai ta tashi ta bi shi da ƙafar nan tata, ita ta nuna mana inda layin sama yake.

Ba duka muka samu ba. Wasu sun farfashe, wasu siminti ya ƙi sakin su. Layukan sama muka fara mayarwa, Baffa yana tsaye da sandarsa yana ta faɗa, wai mun karkace, ruwa zai taru a gefe ɗaya ya ɓalle. Sai da ya sa muka warware wani layi muka sake. Mun cusa dutse da rassa a bakin ramin nan na tsakiya, mun dasa ciyawa a bayan kowane layi. Ƙasar da ke iyakarsa mun fara ja, amma shanu suna haki a hawan, abin da muka kai sama bai rufe ko kusurwa ɗaya ba. Hannuwana duk sun faffashe, da ƙyar nake riƙe biro.

Ka ce in gaya maka gaskiya. Bana ba za mu sami abin da zai kai mu rani ba. Baɗi ma ban sani ba. Na tambayi Baffa yaushe za ta koma yadda take, ya ce shi dai ba zai gani ba, mu kuma in mun yi haƙuri wataƙila.

Jiya an yi ruwa mai ƙarfi. Ban iya zama a ɗaki ba, na yafa buhu na fita na tsaya a saman gona. Ruwan ya taho ja wur yadda ya saba, ya iso layin farko ya daki dutse, ya tsaya yana waige-waige, sannan ya tsiyaye ta tsakani a hankali. Da aka ɗauke na tsuguna a bayan layin, na ga laka ta kwanta, mai laushi. Na tura yatsana don in ji kaurinta. Farcena kawai ta rufe.

Abin da muke da shi ke nan, Auta. Na zauna a wurin cikin taɓo na yi ta kallonta, ban san ko murna nake yi ko kuka ba. Ka taho, akwai sauran layuka a ƙasa, kuma ni bayana ya gaji.

Yayarka